Ban Yafe Balan-balan Ɗin Yaya Sale Ba

Shekara shida ke nan da aka kawo mana gawar yayana Sale daga gonarsa ta bayan Gozaki, kuma har yau in na ga yaro riƙe da balan-balan sai zuciyata ta tafasa.

Kafin rasuwarsa, masu bincike ne suka zo daga wata jami'a, suka kwashi manoma zuwa wani ɗaki a Funtua, wai za su auna wa ke da kasada, wa ke da tsoro. Aka zaunar da kowa gaban kwamfuta. Ga hoton balan-balan, kana dannawa yana kumbura, ladanka na ƙaruwa, in ya fashe ka tashi a tutar babu. Yaya Sale ya ɗan danna ya janye hannu, don surukinsa na zaune a kujerar gefensa. Wane ɗan mutunci ne zai tsaya yana zarin kayan baƙi a gaban uban matarsa? Na'ura ba ta san kunya ba, sai ta jefa shi sahun matsorata.

Baƙin ban riƙe su sosai ba, su dai sun ce sakamakon sirri ne. Habu, ɗan unguwarmu da ya yi musu tafinta, shi ya san dalilin sarai, shi kuma ya kai zancen majalisa, yana kwaikwayon yadda Yaya ya janye hannu ana ta dariya. Magana zarar bunu ce. Kafin wata ya ƙare yara sun koma kiransa Sale Balan-balan, mutumin da ya fara shuka waken suya a unguwarmu lokacin da kowa ke cewa asara ce.

Da kaka ta yi, 'yan bindiga suka tare dajin, kowa ya haƙura da gonakin nesa. Na roƙi Yaya ya bar masarar da ke gonarsa ta can. Ya ce, "Larai, in na bar ta, me Habu zai ce?" Bai dawo da ƙafarsa ba.

Yanzu na ji har a waya ana wannan gwajin. Da Yaya na raye, na san zai yi murmushi ya tambaya ko sun koyi duba wanda ke zaune kusa da mutum. Shi kuwa Habu jarumi, tun harbin farko ya tattara ya koma Malumfashi, ko taki bai ƙara kai wa gonarsa ba.

Bana Habu ya samu kujerar Makka, yana bi gida-gida neman gafara. Ya durƙusa a ƙofar ɗakina ya ce, "Larai, don Allah a yafe ni." Na kira Aminu, babban ɗan Yaya, wanda ya gaji kunyar ubansa, har yau ba ya iya cin abinci a gaban manya, kuma har yau wasu na kiransa ɗan Balan-balan. Na ce, "Malam Habu, je ka majalisar da ka ɓata sunan, ka faɗa musu wa ke zaune a gefen uban yaron nan ranar gwajin."

Bai je majalisar ba, jirginsu ya tashi. In ya je ya dawo lafiya, zai tarar da ni inda ya bar ni.