Igiyar da Hamma Ya Naɗe a Hannu

Ni tela ne a Kasuwar Jalingo. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, kuma har yau akwai masu tuna mini da haka ba tare da na tambaye su ba.

Shekarar da 'yata ta gama firamare, hedimastansu ya zo shagona karɓar ɗinki. Ina kafa masa maɓalli sai ya nuna mini hoto a wayarsa: jiragen leda, irin waɗanda yara ke saki sama da zare, amma an jera su da yawa a igiya guda, an ɗaure bakinta biyu a ƙasa, iska ta ɗaga tsakiyar ta lanƙwasa kamar bakan gizo. Na ce zan yi musu irinsa ranar bikin yaye ɗalibai. Ya yi dariya.

"Malam tela, ai wannan aikin injiniyoyi ne."

Dariyar nan ce ta sa ni aikin, ba son yara ba. Gara in faɗa.

Sati uku ina fama. Na yanka yadin lema na ɗinka guda tamanin, kowanne da tsinken gora biyu a gicciye da 'yar jela. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na ɗinke a jikin igiyar nailan, taku biyu tsakani. Masu ɗinki suka yi ta zarya suna zagina.

Lokacin yayana, wanda muke kira Hamma, yana zaune a gidana a unguwar Sintali. Makiyayi ne, ciwo ya cinye masa shanu, ya shigo gari ba abin yi. Shi ya fere mini turaku biyu.

"Tela," in ji shi, "mutane na kiwon shanu, kai kiwon tsumma za ka yi a sama?"

"Tsumma dai ba ya mutuwa, Hamma."

Ya yi dariya har da tari.

Ranar bikin muka kafa turakun a filin makaranta, shi a gefe guda, ni a ɗaya. An yi ruwa kafin ranar, ƙasa ta yi laushi. Na gani, ban damu ba. Da iska ta taso, abin ya miƙe a hankali, ja da kore da rawaya, ya fi itacen mangwaro tsayi. Yara suka ɗau ihu. Hedimasta ya yi tsaye baki buɗe.

Can sai hadari ya taso daga wajen duwatsu, yayyafi ya fara, iskar ta canza murya. Ina kallo turken gefen Hamma ya tumɓuke.

Da ɗan gari ne, da ya bar igiya ta tafi. Hamma kuwa ya yi abin da ya saba tun yana yaro in bijimi ya ƙwace: ya cafke ta, ya naɗe sau uku a wuyan hannu, ya kafa dugadugai. To bijimi yana gajiya, iska ba ta gajiya. Ta ja shi ya faɗi, ta ci gaba da jansa a taɓo. A ƙarshen filin akwai wayoyin wutar lantarki, can abin ya nufa, ga igiya ta jiƙe.

Na ruga. Na nufi wajensa ina ihu.

"Hamma, saki! Saki mana!"

"Ta ci hannun! Ba ta sakuwa!"

Na faɗa kansa na riƙe masa ƙugu, ta ja mu tare. Yatsunsa sun kumbura, igiyar ta nutse a nama. Ban taɓa jin Hamma yana salati da irin wannan murya ba.

Almakashina yana aljihu, kullum yana nan. Na zaro shi, na ɗora a kan igiya. Sai na ɗaga kai. Abin yana nan a sama, tamanin ɗin duka, ga mutane suna kallo. Na tsaya. Numfashi biyu, ko uku. Ba zan ce tsoro ne ya riƙe mini hannu a lokacin ba. Sati ukun nan na tuna, da dariyar hedimasta.

Sannan na yanke.

Igiyar ta yi sama, jerin ya sulale ya faɗa kan wayoyin. Muka ji tas, tartsatsi ya zubo, hayaƙi ya tashi daga yadin. Tsakaninmu da wurin bai kai taku ashirin ba. Na zauna a taɓo, na kasa tashi sai da aka ɗaga ni.

Yatsun Hamma biyu ba su sake lanƙwasawa ba. A asibiti sun ce igiyar ta taɓa jijiya. Ban tambaya ko numfashi ukun nan ne suka jawo ba, don ina tsoron amsar. Da ya sake samun 'yan shanu, sai dai wani ya yi masa tatsa.

In ya shigo gari yakan zauna a bencin shagona, ya ɗaga hannun ya nuna wa mutane, ya ce, "Ba don ƙanena da almakashinsa ba, da tuni an manta da ni." Ni kuwa sai in sunkuya in ci gaba da taka keke.