Zauren da Ake Amsa "Namu Ne"

Kullum da hantsi, in yara sun jingine allunansu, Malama Safara'u ta Maigatari takan gyara zama a zaurenta ta ce, "To, a faɗi asali." Sai kowane yaro ya miƙe ya faɗi sunansa da na ubansa da garin kakanninsa, Bamange ne ko Bafillace ko Buzu. Da ya rufe baki sauran su amsa baki ɗaya, "Namu ne," ko "Tamu ce." Iyaye sun sha gunaguni, wai su karatu suka kawo 'ya'yansu, ba tonon asali ba. Ita kuwa cewa take, yaron da aka ce wa "namu ne" da safe ba ya yi wa wani gorin tsagar fuska da yamma.

Bana idonta ya yi rauni, ta bar wa 'yarta Larai zauren. Gara a faɗi abin da ta yi tun shaidu suna da rai.

A shekarar da Faransawa ke kamen maza zuwa yaƙi, wani mutum mai suna Sajo ya tsallako turakun iyaka da 'yarsa Zinariya, ya ɓuya a garin. Kowa ya san wanda aka mayar, dorina zai fara sha, daga nan sai labari. Malama ta karɓi yarinyar, ita ma kuwa kullum takan miƙe ta ce ita 'yar Sajo ce, har da ɗaga kai.

Ran nan sai ga baƙo a ƙofar zaure, da farar riga kamar falke, amma kan dorina na leƙowa daga ƙugunsa. Dogarin Faransawa ne, ya saci hanya ya shigo. Ya zauna a dokin ƙofa, ya tare hanyar fita.

"Inna Malama, an ce yaranki na faɗin asali. Na zo in ji."

Malama ta dubi layin yaran. Ba ta taɓa koya wa yaro ƙarya ba, balle ta koya yanzu da ƙifta ido. Ga Zinariya ta huɗu a layi, har ta fara gyara zani don ta miƙe. Ashe ita da hannunta ta gina wa Sajo rami. Adda maƙwabciya, wadda ta leƙo a lokacin, ta rantse tana jin 'ya'yan carbin Malama na kaɗuwa da juna.

"Ɗan nan," in ji Malama, "dokar zauren nan, baƙo ke farawa."

Ya yi dariyar raini. "Ni Cindo ne, ɗan Barau, daga wani ƙauye bayan Magarya." Sai ya ƙara da cewa, "Da igiya aka fito da ni. Shekara tara ke nan ban ga garin ba."

Yara ba su san dawan garin ba. Suka amsa kamar kullum, muryar Zinariya ta fi ta kowa, "Namu ne."

Mutumin ya bi layin da kallo, idonsa ya tsaya a kan yarinyar ya daɗe. Daga baya Malama ta ce a lokacin ta riga ta fid da rai.

"Inna, rana ta yi," in ji shi. "Wata rana na zo na ji sauran."

Bai dawo ba, amma tsoron bai sake ta ba. Shekaru ta yi in ta ji sallamar baƙuwar murya sai ta zaci shi ne ya dawo. Mutanen unguwa suka roƙe ta ta daina faɗin asalin nan kafin ya ja wa wani. Washegari da hantsi aka ji ta, murya a dushe, "To, a faɗi asali."

Malama, ke ce inuwar da ba ta tambayar matafiyi daga ina. Kin ji tsoro kamar kowa, ba ki kuwa ɓoye ba, amma ba ki koya wa yaro ya ji kunyar sunan ubansa ba. Sajo na nan a Gagarawa yana noman gero, yana gaishe ki. Mun gode, Allah Ya saka da alheri.

Malaman Gumel da Sule Tankarkar, turakun iyakar nan na nan daram, masu tsallakowa ba su ƙare ba. Gobe wani yaro zai miƙe a zaurenku ya faɗi sunan garin da ba ku sani ba, ya tsaya yana jiran amsa.