Motar Albasa Ta Je Neman Abokan Haɗi

Wurno

Ana sallame asuba nit tada mota. Shekara da shekaru ina jigilar ma'aikatan wani ɗakin ajiyar albasa, sai ga maigidana ya ce mai ya yi tsada, ƙarshen wata zai jingine ta. Wato ni zai jingine. Nic ce mai: makarantar kuɗi ta Rabah na da bas, injin shinkafa na Goronyo na da bas, duka rabin kujeru wofi muke yawo bisa hanya guda. A haɗe mu mana, mai bukata ya buga waya, motar da ke kusa ta ɗauke shi. Yac ce, "Je ka gwada bakinka."

Rabah

Shinge biyu na 'yan banga, kowane sai na buɗe but ɗin mota. Hantsi na isa. Shugabar makarantar, wata Hajiya mai tabarau, ta ji shawarar haɗa motocinmu da ta injin Goronyo, ta leƙa cikin motar ta ja baya da gyale ga hanci.

"Malam direba, mi ka ɗauko haka?"

"Mutane, Hajiya. Masu juya albasa."

"Malamaina su shiga aji da wanga wari? Yara su yi musu waƙa?"

Ni aji huɗu na yi, ban iya lallashin 'yan boko ba. Nic ce albasar nan ita ke biya ma rabin yaranta makaranta. Ta ɗaure fuska. Na dai bar mata lambata, ta karɓa da yatsa biyu.

Goronyo

Azahar. Na ci tuwon shinkafa da kifi bakin tasha, na tadda manajan injin ƙarƙashin rumfa. Ya saurare ni sarai, yac ce, "In makaranta ta shiga, mun shiga." Kowa na jiran kowa, ni ko wata na ƙarewa.

Komawa

Bayan la'asar, na kusa Wurno, waya ta yi ƙara. Muryar Hajiya ce, ta sauka ƙwarai. Bas tasu ta mace da ita da malamai masu kwana Wurno tsakanin Rabah da mararrabar Wurno, rana na sunkuyawa, kuma kun san abin da ke fitowa dajin nan in ta faɗi. Zuciya tac ce in bar su su shaƙi iska mai daɗi. Na juya kan mota.

Na iske su cure gindin wata ƙaya, mata na salati. Sunka duru har bisa buhunan albasa na wofi. Hajiya ta zauna gaba, gyalen na kafaɗa.

"In sauke gilashi, Hajiya? Saboda wari."

"Taka mota, Malam. Ban jin komi."

Da magariba munka shiga Wurno. Tana sauka tac ce a ba ta lambar manajan Goronyo, kuma gobe in zo ma malamai ukku da sassafe. Na gode ma Allah da ya maido mu lafiya. Motar ko ban wanke ta ba.