Idon Han Biyu Ne

A gidanmu na Ƙofar Ran damina ce lokacin hira. Da an idar da magariba hadari ya taso daga gabas, tsakar gida ba ta zaunuwa, sai mu jikoki mu duru ɗakin girki wurin Hajja, kakarmu ta wajen uba. In an sauke tuwo murhu nata ne. Takan jera ɗanyar masara a bakin garwashi tana juyawa da yatsu kamar wuta ba ta san fatarta ba, hayaƙi yana sa mu hawaye, ruwa yana dukan kwanon rufi har sai ta ɗaga murya. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana da komai sai Takwara, kuma wurina a gefen ƙafarta ba mai zama.

A shekarun nan ne na fara karanta littattafan soyayya da yayata take karɓowa haya a kasuwa. Suka shiga jinina. Duk labarin da ba saurayi da budurwa a ciki, a wurina miya ce ba gishiri. Hajja ta san da haka, shi ya sa ranar da za ta ba mu labarin Bahtiyari ta dube ni ta ce yau akwai amarya da ango, in gyara zama. Ta kuma hana mu amsa mata irin amsar tatsuniya, ta ce wannan ba zuwa za ta yi mu ji ta ba, ta riga ta zo ta wuce a kan mutane masu jini da tsoka.

Hajja Bafulatana ce, a ruga aka haife ta. Da ita da kakanmu sun tafi Makka ta ƙasa suna da ƙuruciya, suka yi shekaru kafin su dawo Bauchi. A Madina ta haɗu da wata tsohuwa doguwa mai shuɗin zane a haɓa. Wurin mai sayar da man shanu suka haɗu: kowacce ta sunsuna man, kowacce ta ajiye tana yamutsa fuska, sai suka dubi juna suka fashe da dariya. Daga nan suka ƙulla ƙawance da guntun Larabci da yaren hannu. Tsohuwar daga ƙasar Farisa take, wadda yau ake ce wa Iran, daga wata ƙabila ta makiyaya da ake kira Bahtiyari. Da zafi su hau duwatsu da tumakinsu, da sanyi su sauko fili. Hajja ta ce Fulani ne sak, sai dai Allah ya ba su dutse a maimakon daji. Shugabansu Han suke ce masa, ko da yake in labari ya yi daɗi Hajja takan manta ta ce arɗo.

A shekarar da aka kai tsohuwar nan ɗakin miji Turawa suka kama babban yaƙinsu na farko. Mijinta ɗan Han ne na fari. Nan take na tambaya ko kyakkyawa ne.

"Ban gan shi ba, Takwara," in ji Hajja. "Amma matar da haƙoranta suka zube in ta ambaci namiji ta lumshe ido, ai ba mummuna ba ne."

Yaƙin ba nasu ba ne, amma ya biyo su har ƙofar tanti. Turawan Ingila suna da bututun mai da ya ratsa filin da Bahtiyari suke cin sanyi, Jamus kuma suna so a fasa shi. Kowane ɓangare yana da ƙaramin jakada a birni, wanda Hajja take kira ƙunsul kamar yadda ta ji a Jidda. Kuma su biyun abu ɗaya suke nema a wurin Han: samarin ƙabilarsa, masu harbi daga kan doki.

Na Ingila ya fara zuwa, da ganyen shayi da sukari da bindigogi da tafinta. Aka shimfiɗa masa darduma a tantin baƙi, aka miƙa masa shayi. Ya ce a ba shi samari su shiga ƙarƙashin hafsoshinsa, su tsare bututu, su farauci Jamusawa. Han ya saurara har ƙarshe, ya ɗora hannu a idonsa na dama ya ce, "Cashm." A nan Hajja takan ajiye masara ta kwaikwaya mana, da hannunta mai toka. Kalmar nan ita kaɗai ta riƙe daga harshensu, ma'anarta kuwa, a kan idona. Tafinta ya ce Han ya yarda. Ƙunsul ya koma birni yana murna.

Ba a daɗe ba na Jamus ya iso, siriri, sanye da kayansu, yana jin harshensu. Ya ce a ba shi samari su fasa bututu, in yaƙi ya ƙare ba wanda zai sake mulkarsu. Han ya ɗora hannu a idonsa na hagu ya faɗi kalmar nan dai.

Yayana Bala ya ce ashe Han maƙaryaci ne. Hajja ta ƙwala masa totuwa a gwiwa.

"Kai maigidana, ka yi gemu a baki kafin ka yi a haɓa. In ubanka ya aike ka ka ce to ka ruga, da in maƙwabciya ta zo aron sabuwar tukunya uwarka ta ja ta ce tooo, duk ɗaya ne?"

Ta ce akwai to na yarda, akwai to na na ji, akwai to na tashi ka ba ni wuri. A wurin mutanen nan baƙon da shayi yake hannunsa ba a ce masa a'a. Alkawari na gaske sai an kawo gurasa da gishiri a gaban dattawa an ci tare, kuma ba ƙunsul ɗin da aka yi wa haka, ba kuma wanda ya san ya nema. Bajamushen ya iya harshensu, in ji Hajja, amma bai iya shirunsu ba.

Abin da Han yake jira ƙanƙara ce ta narke a kan dutse, hanya ta buɗe, su haye inda igwa ba ta kaiwa. Saboda haka duk ɗan aiken da ya zo neman samari sai ya koma da uzuri. Yau tumaki suna haihuwa, gobe kogi ya kawo, jibi an yi rasuwa ana zaman makoki. Mata kuwa suna ta ɗaure kaya a ɓoye, amarya a cikinsu, tana ganin in an haye dutse ta tsira da angonta.

Sai ana gab da tashi ƙunsul biyun suka iso rana ɗaya. Tantin baƙi ɗaya ne, dole aka zaunar da su suna fuskantar juna, bindigoginsu a waje bisa al'ada, kowanne da shayi a hannu. Wannan ya ce an yi masa alkawari, wancan ya ce shi aka yi wa. Hajja takan miƙe wuya a nan ta yi muryar maza, ta faɗi amsar Han.

"Na ce a kan idona, ban yi ƙarya ba. Idona biyu ne, kai kana kan wannan, kai kana kan wancan. Amma mutum ba da ido yake tafiya ba, da ƙafa yake tafiya. Ƙafata kuwa inda tumaki suka nufa nan take bi."

Muka kwashe da dariya har Bala yana tafi. Hajja ba ta yi dariya ba. Ta ce ƙunsul na Ingila tsohon hannu ne. Ya ajiye kofinsa a hankali ya ce su hau lafiya, amma sanyi zai sauko da su, filin kuma akwai igwa. Shi ma yana da manya a bayansa, ba zai koma musu da kalma ba.

Aka yi ta ja har rana ta yi ja. Bajamushe ya samu rakiya ta fitar da shi lafiya ta bayan dutse, tunda ya sha shayi a tantin, amma bai samu ko mutum ɗaya na yaƙi ba. Na Ingila kuwa aka ce masa tsofaffin da ƙafarsu ta gaza hawa za su zauna kusa da bututu da tsofaffin bindigoginsu, su zuba ido. Saurayi kam babu. Ya ce ya karɓa, da sharaɗin a ba shi jingina, mutum ɗaya da zai zauna a gidansa a birni har yaƙi ya ƙare.

Dattawa suka fara raɗa. Wani ya ambaci wani maraya, wani ya ambaci ɗan mai yi wa Han kiwo. Han bai dube su ba. Ya aika aka kira ɗansa na fari. Wannan karon aka kawo gurasa da gishiri, aka ci, kuma bai kai hannu ido ba.

Da gari ya waye ƙabila ta kama hanyar dutse, tumaki da alfadarai da yara a goye. Amarya tana kan alfadari tana waiwaye, ango yana kan doki yana gangarawa gefen Bature.

Na riƙe zanin Hajja na ce ai ya dawo. A littattafaina kullum ana dawowa. Ta ce kafin a sake shi yunwa da annoba suka shiga birnin, can aka binne shi. Ya bar amarya da ciki, kuma ɗan nan ne ya kawo ta aikin hajji da furfurarsa. Sauran samarin kuwa ba wanda ya mutu a yaƙin Turawa. Ta karkaɗe zaninta ta ce ba za ta rufe da kan kusu ba, don ba ƙarya ta yi ba, mu tashi ruwa ya ɗauke.

Na daɗe ina jin haushin Han. A zuciyata na sake wa labarin ƙarshe ya fi a ƙirga: ango ya haura katanga, ya sato farin doki, ya iske amarya a bakin ƙorama tana waƙa. Duk damina sai na roƙi Hajja ta canza, ita kuma ta ce in je in gaya wa masu littafina, su da suke da ikon tayar da matattu.

Sai da na zama uwa, mijina ya rasu ya bar ni a Yelwa da samari biyu da suka gama makaranta ba aiki, sannan labarin ya dawo mini da wata fuska. Shekarar zaɓe ce. Duk ɗan Bauchi ya san abin da ake yi da saurayi mai zaman banza a irin wannan lokaci: riga mai hoto, ƙwaya, wuƙa, daga nan a ce da shi ɗan sara-suka. Babban ɗana shi ne kyaftin na ƙwallon unguwa, a ƙofar gidanmu suke taruwa, wanda ya same shi ya sami duka.

Wakilin wani ɗan takara ya zo, abokin marigayi ne, yana ta matarmu matarmu, ya ce yara kawai yake so su riƙa raka mai gida. Kashegari wakiliyar abokin hamayyarsa ta zo, 'yar uwata ce ta nesa, da irin wannan buƙata. A'a ga kowannensu tana da farashi, don dukansu sun san ƙofata kuma suna da yaran da ba sa sallama. Na dama musu kunun gyaɗa, na saurara har ƙarshe, na ce to. Na ja ta yadda ya kamata.

A makon nan na tura 'ya'yana Inkil wurin kawunsu mai noman rani, na ce albasa ta fi ƙarfinsa. Na bi iyayen abokansu gida gida, yawancinsu suka tura nasu. Wakilai suka yi ta aike ina ta uzuri, har ranar da kowannensu ya zo ya ga ƙofar gida wayam. Ba wawaye ba ne. Abokin marigayi ya ce ba zai koma wa mai gidansa hannu rabbana ba, 'yar uwata ta ce na kunyata ta.

Sai na ba su kaina. Na karɓi atamfar wannan na ɗinka, na karɓi ta wancan na ɗinka. Ni da ko bikin dangi ba na buɗe murya, na zauna cikin rana a taron wannan na rangaɗa guɗa, wani mako na je na wancan na rangaɗa har muryata ta dushe. Bauchi ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Mata suka sa mini Mai Zani Biyu. Dangin mijina suka ɗauke mini ƙafa, babban ɗana da labari ya kai masa ya yi wata guda ba ya amsa wayata. A unguwar da ke bayanmu an yi jana'izar saurayi kafin a kaɗa ƙuri'a. A layinmu ba a yi ba.

Ban haɗa kaina da Han ba. Ni suna na bayar, shi ɗa ya bayar. Amma a ƙarƙashin rumfar taron nan na gane abin da ya hana Hajja dariya ranar da muke tafi. Kalmar to lokaci kawai take saya, ba ta biyan komai. Wanda zai faɗe ta ga masu ƙarfi biyu sai ya riga ya san abin da zai ɗauko daga ɗakinsa, ba daga ɗakin maƙwabci ba, ranar da suka dawo.

Har yau ina karanta littattafan soyayya, har yau ina so angon nan ya dawo. Sai dai yanzu in na tuna tafiyar nan ta hawan dutse, nakan ga sauran amaren da ke cikin ayarin, waɗanda ba wanda ya ba da labarinsu, don mazansu suna tafe a gefensu suna kora tumaki, har suka tsufa tare suna faɗa a kan gishirin miya. Dangin mijina sun dawo, ɗana ya yi aure yana sayar da albasa. A Yelwa kuwa akwai masu kirana Mai Zani Biyu har gobe, kuma ina amsawa.