Ranar da Aka Saki Bulama a Maine

Duk wanda ya saba shiga kasuwar tattasai ta Diffa ya san Ajimi mai ɗinkin buhu, ko da bai san sunansa ba. Dogon dattijo ne siriri, yana zaune bakin mangazar Alhaji Lawali, wato ɗakin ajiyar buhunansa, da basilla a hannu, yana atishawa yana zagin tattasan da ya sa shi atishawar. Mutane sukan ce haka Allah ya halicce shi da baƙar zuciya. Ƙarya suke. Waɗanda suka san shi a Barwa, garinsu na can gabas wajen Bosso, sun ce har wasan dariya yakan yi.

A Barwa aka haife shi. Ubansa Mamman manomin tattasai ne, in ruwa ya kawo ya shiga kamun kifi, amma abin da aka fi saninsa da shi tantabaru ne: masu ruwan toka da farin wuya, irin da shi ma ya gada wurin nasa uban. A cikin tukwane suke kwana, an jera su a kan katanga. Ajimi ya tashi yana wanke musu kasko tun bai iya ɗaura wando ba. Da Mamman ya rasu 'yan'uwa suka raba gona da komar kamun kifi, shi ya ce a bar masa tsuntsayen, aka yi masa dariya aka bar masa.

Shekarar da tashin hankali ya watsa mutanen bakin tafki, kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya. Wasu tabarma, wasu tukunya. Ajimi ya ɗora kwandon tantabaru a ka, ya bar wa matarsa Gambo sauran kaya, har ta rasa hannun ɗaukar kaskon turarenta. Ba ta yafe masa kaskon nan ba har gobe.

A Diffa Alhaji Lawali ya karɓe su. Badamagare ne, da can shi ke sayen tattasan Ajimi. Ya ba su ɗaki bayan mangaza, ya ba Ajimi aikin ɗinki, ya kuma ce ya kafa akurkinsa a kan rufi kusa da nasa, don shi ma mai kiwon tantabara ne. Alheri kam ya yi, ba mai musu. Sai dai irin alherin nan ne da mai shi ba ya gajiya da ba da labarinsa a gaban baƙi.

Abu ɗaya Ajimi ya kafa tun ranar farko: tantabarar da ta fara tashi a sararin Barwa ba za a sake ta a Diffa ba, ko shekara nawa ta yi, domin can za ta nufa. Iyayen suna kulle, 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a nan su ke tashi. Kuma sun tashi! Masu tantabaru na garin suna da al'ada, ranar Juma'a su ba direbobin hanyar Damagaram tsuntsaye a kwali, a sake su a garin Maine can yamma, su kuwa su taru ƙarƙashin wani bedi, wato itacen dogonyaro, bayan an sauko masallaci suna ɗaga kai. Sau da yawa farin wuya ne ke fara dira, Alhaji Lawali ya yi ta baza riga kamar shi ya saka ƙwan.

Sai daminar da kogin Komadugu ya cika ya shigo gidaje. Bayan ruwan wani ciwo ya shiga tsuntsaye, mai murɗe musu wuya. Ajimi ya yi ta kwasar gawa da safe yana binnewa. Da abin ya lafa, biyu suka rage masa, tsofaffi, 'yan asalin Barwa: namijin da yake kira Bulama, wato mai gari, saboda tafiyar ƙasaitarsa, da macen da yake ce wa Amarya ko da yake ta girmi 'ya'yan maƙwabta. Daga su irin Mamman ya ƙare.

Amarya ta yi ta saka ƙwai suna zama bara-gurbi. Ajimi ya jiƙa musu hatsi, ya nemo musu kanwa, ya rame kamar shi ke kwanci. Rannan da hantsi ya ɗaga ƙwai biyu ga hasken rana, ya ga jijiyoyin jini a cikin kowanne. Ya sauko daga tsani, ya ce wa Gambo, "Sun kama." Ta ce Allah ya raya, a saya mata kasko.

A wannan makon ne Mudassir mai kanti ya ishi Alhaji Lawali da gori, wai tun da farin wuya suka mutu rufin Alhaji ya koma ɗakin kaji. Masu tantabara kuwa duk sun san wata dabara: namijin da matarsa ke kan ƙwai shi ya fi kowa saurin komowa gida, saboda kwancin rabawa suke, shi daga hantsi zuwa la'asar, ita sauran. Alhaji ya yi lissafinsa shi kaɗai. Ranar Juma'a da sassafe ya aiki Ajimi gonakin bakin kogi ya duba ɗurin buhuna. Alhaji ya hau rufi da kansa, da babbar rigarsa da tumbinsa, ya sa hannu ya ɗauke Bulama.

Ajimi ya dawo bayan masallaci ya tarar da Amarya ita kaɗai a kan ƙwai, bakinta buɗe don zafi. Bai tambayi kowa ba. Ya miƙe sai gindin bedi.

"Alhaji, ina Bulama?"

"Zauna, Baba Ajimi, zauna ka ga aiki. Tun ɗazu direba ya kira, an sake su."

"An sake shi? A ina?"

"A Maine mana. Mi ya yi zafi? Ƙwai gare shi, ko a Zinder aka sake shi sai ya dawo."

"Ya dawo ina? Yaushe ya taɓa ganin Diffa daga sama? Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

Alhaji ya dubi jama'a ya yi murmushi. "Haba dai. Tsuntsun da ya shekara da shekaru a kan rufina yana cin hatsina, ai ya san gidan da ya rufa masa asiri."

Kowa ya ji inda maganar ta sauka. Ajimi ya ji kansa ya yi zafi kamar an zuba masa garin tattasai a ido.

"Hatsinka? Tun fitowar rana nake huda yatsuna a buhunanka, sadaka kake ba ni? Ka ba ni ɗaki, na gode, na gode, na gode har bakina ya gaji! Abu ɗaya tak na fito da shi daga gidan ubana, shi ma sai ka sa hannu? Ko don ba mu da gari shi ke nan ba mu da namu?"

Ana riƙe shi yana fizgewa sai wani ya nuna sama. Tsuntsaye sun ɓullo daga yamma. Suka fara saukowa suna kewaya gari, kowace tana neman rufinta. Ɗaya ce ba ta sauko ba. Tana can sama, gaba da duka, ta wuce kasuwa, ta wuce mangaza, ta miƙe gabas ba ko waiwaye. Ajimi ya san wannan bugun fiffike tun yana yaro. Mudassir, da ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce, "Walle shi ya zo na fari."

Amarya ta ci gaba da kwanci ita kaɗai. Yunwa ta tashe ta, ta ci a gurguje ta koma. Gambo ta ce, "Malam, ka kai ƙwan nan ƙarƙashin na Alhaji, akwai masu kwanci a akurkinsa." Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Amma ya rantse ba zai sake roƙon mutumin nan ko allura ba, jinin Barwa ba zai tashi a bakin tsuntsun Lawali ba. Ta ce to, zuciya ta ƙyanƙyashe masa su.

Kwanaki ya yi yana cin ransa. Safiyar da ya haɗiye fushin ya hau don ya ɗauki ƙwan ya kai, sai ya tarar Amarya tana bakin wayar akurki tana kallon waje. Ya taɓa ƙwan, sanyi ƙalau. Ya fasa ɗaya da farce. Ɗan tsako ne cikakke, har da baki da 'yan ƙafafu. Ya zauna a kan rufin nan ya zagi Lawali, ya zagi Mudassir, ya zagi waɗanda suka kore su daga Barwa, ya zo kan kansa ya fi daɗewa.

Yana nan zaune Alhaji ya hawo yana haki, da kwali a hannu. Tantabaru ne biyu farare masu gashi har ƙafa, ya sa an kawo daga Najeriya.

"Baba Ajimi, a yi haƙuri. Shaiɗan ne. Ga waɗannan, sun fi naka kyau ma."

Ajimi bai dubi kwalin ba. Ya buɗe akurki ya kamo Amarya. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙashin ƙirjinta yana sukar tafinsa. Ya ɗura mata ruwa da bakinsa, ya shafa wuyanta, ya miƙe tsaye.

Alhaji ya ce, "Kai, mi za ka yi? Ita kaɗai fa ta rage maka!"

Ya buɗe hannuwansa. Ta yi sama da ƙyar, ta kewaya mangazar sau ɗaya, ta daidaita gabas.

"In kin isa," in ji Ajimi, "ki duba mini ko katangar tana nan."