Manzo da Lissafin Rijiyoyi

A Garin Dado, wani ƙaramin ƙauye na manoman hatsi kusa da Falanko, aka haifi Manzo ɗan Audi. Shi ne ɗan fari. Ba da son iyayensa ya shiga lakkwal, wato makarantar boko, ba. Maigari aka ce ya ba da yara, shi kuma ya duba gidan da ba su da bakin musu, ya ɗauki na Audi. Sai ga shi yaron kai gare shi a lissafi. Daga makarantar Tanut aka wuce da shi Damagaram, daga can Yamai, bayan samun 'yancin ƙasa kuma aka tura shi Faransa koyon aikin neman ruwan ƙarƙashin ƙasa.

A can ya fara ganin na'urar lissafi, girmanta ya cika ɗaki guda. Ba ta jin magana sai ta kwalaye masu huji, kowane kwali umarni ɗaya. Malamansa suna da wata dabara ta zaɓen wurin gina rijiya. Kowane wuri sai a ba shi jerin lambobi: zurfin ruwa, taurin dutse, yawan dabbobin da za su sha. Akwai jeri na biyu mai faɗin nauyin kowane abu a cikinsu. Na'urar ta ninka lambar farko da ta farko, ta biyu da ta biyu, ta uku da ta uku, sannan ta tara. Wurin da jimlarsa ta fi yawa, shi ke gaba. Amma umarnin da aka rubuta mata abu uku kawai ya sani. In an so ƙara na huɗu, sai an sake huda kwalaye tun daga tushe.

Manzo ne ya gyara wannan. Ya sa a fara gaya wa na'urar tsawon jerin, ita kuma ta riƙa ɗaukar lambobin biyu-biyu, tana ninkawa tana ƙarawa a kan abin da ta tara, har jerin ya ƙare, ko goma ne ko dubu. Kwalayen duka ba su kai kaurin ɗan yatsa ba. Ranar da aikin ya fita daidai, ya rasa wanda zai gaya wa da Hausa, sai ya fita yana yawo a cikin sanyi yana dariya shi kaɗai.

A 1967 ya dawo yankinsu na Damargu tare da masu ginin rijiyoyi, shi ne mataimakin injiniya kuma tafinta. Tun kafin su taso na'urar ta gama zaɓe. Rijiyoyin duka sun faɗa wajen Tenhiya, inda garkuna suke da yawa, ruwa kuma bai yi zurfi ba. Garin Dado yana can ƙarshen zaɓen.

Da ya je gida, ya tarar mahaifinsa ya tsufa, tsohuwar rijiyar garin kuma sai laka guga ke fitowa da ita. Ƙanwarsa Zalika, da tsohon ciki, ita ke bin mata da jaki zuwa wani tafki mai nisa, su dawo rana ta take. Mahaifiyarsa Raishatu, wadda ba ta taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya, ta ajiye masa fura ta zauna gefe.

“Ɗan nan, an ce kai ne ka koya wa ƙarfen nan lissafi.”

“Wani ɓangare ne kawai, Inna.”

“To ka ce masa nan ne garinku.”

“Ba ya jin irin wannan maganar, Inna. Abin da aka ba shi kawai yake tarawa.”

“Ashe ba a ba shi mu ba,” in ji ta.

Maganar ta tsaya masa a rai. Ya koma Tanut ya sami injiniyan, wani Bature mai sauƙin kai. Ya ce masa jerin nan ba shi da iyaka, shi da kansa ya yi shi haka. A ƙara abu ɗaya mana: nisan da mata ke yi kafin su sami ruwa. Baturen ya ce gaskiyarsa. Amma na'urar tana Faransa, sai an auna nisan a kowane ƙauye, an aika, an jira amsa, kuma wa zai yanke nauyin da za a ba tafiyar mata a kan ƙishin shanu? Aikin kuwa dole ya ƙare kafin damina. Manzo ya zauna ya yi lissafin da hannu na ƙauyuka kaɗan, ya kai masa. Baturen ya karɓa da godiya. Motocin ginin rijiyoyin ba su canza hanya ba.

Rijiyoyin Tenhiya sun ba da ruwa mai kyau, makiyaya suka yi ta sa albarka. A Garin Dado kuwa ba wanda ya zage shi. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. In ya zo majalisa sai hira ta koma kan farashin gyaɗa.

Daminar da ta biyo ba ta yi kirki ba. Audi ya rasu da rani. Gidaje suka fara kwance rumbuna suna yin kudu, mijin Zalika ma ya ɗauki iyalinsa da surukarsa. Manzo ya roƙi mahaifiyarsa ta zauna wurinsa a Tanut, inda akwai famfo kusa da buro, wato ofishinsu. Ta ce jikanta ƙarami ne, Zalika na bukatar hannu.

Da masu rijiyoyi suka tashi, an yi masa tayin komawa Faransa. Ya ƙi. Ya karɓi aikin auna ruwan sama a Tanut, kuma bai sake ganin na'urar ba. Mutumin kirki ne, marar yawan magana, mai son shayi. Yakan je kudu ganin mahaifiyarsa bayan girbi, ta karɓe shi da kyau, ta tambayi lafiyar hanya. Maganar ruwa kuwa, har ta rasu ba su ƙara yin ta ba.