Ɗigon Man Inji a Agogon Yaya Hamidu

Shekara ashirin da takwas ke nan da rasuwar yayana Hamidu, mai gyaran agogo a bakin titin Koudoukou, nan unguwar Kilomita Biyar. Lokacin boren sojoji ne. Ya fito daga sallar la'asar, harsashin da ba shi aka auna ba ya same shi.

Ni bakaniken manyan motoci ne. A lokacin raina sana'arsa nake yi. Nakan ce, "Yaya, bar wasa da ƙwayar gero, zo ka riƙe sifana."

Sai ya ce, "Tanko, ƙaramin abu dokarsa daban. Tururuwa ta faɗo daga kan rufi ba ta mutuwa, amma ɗigon ruwa ya kama ta, ba ta fita. A wurinka nauyi ne sarki, a wurina danƙo. Man da ke sa injinka gudu, a cikin agogo ƙaro ne."

Dariya nake yi masa.

Da za a yi masa wanka, ni na kwance agogon hannunsa. Agogon yana tafiya. Na so in miƙa wa 'yarsa Zainabu shi da lafiyarsa, sai na buɗe bayansa na ɗiga masa man inji, yadda nake yi wa kowane ƙarfe. Ɗigo ɗaya. Siririyar wayar da ke cikinsa, mai kama da gashi, ta manne wa kanta. Agogo ya tsaya. Ƙaramin sani ƙunƙumi.

Na juya hannuwansa zuwa lokacin la'asar, na ce mata, "Da ya faɗi, agogon ya tsaya." Har yau yana cikin akwatinta. Duk wanda ya ce a kai gyara, takan ce a'a, lokacin Baba ne.

Yanzu kowa na riƙe da wayar salular da ke juya hoto in an karkata ta. An ce wani abu ne ke motsi a ciki, bai kai ƙwayar riɗi ba. Da Yaya na nan ba zai yi mamaki ba. Tambaya ɗaya zai yi: da me suka hana shi mannewa?

Teburinsa an wawashe shi, kayan aikinsa ba ko ɗaya. Abin da ya rage maganarsa ce, wadda na gane bayan na yi ɓarna, sai agogon nan da na ɗaure da ƙarya.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zainabu, ba faɗuwar babanki ce ta tsayar da shi ba, kawunki ne. Ki kai a wanke shi. Zai tashi, gyaran babanki ne. Allah Ya jiƙansa.